Ranar da Na Sauke Jerena Saboda Ganga

Ku matso kusa ku ji. Ku zauna nan bakin gado, ku bar tsakiyar tabarmar, wurin Malam ne. Na ga idonku sai komawa yake kan bangon can da babu komai a jikinsa sai shatin kabad, kuna son tambaya kuna jin nauyi. Duk macen da ta shigo ɗakin nan haka take yi, bakinta yana gaishe ni idonta yana bango. Zan gaya muku yadda aka yi, amma daga tushe zan ɗauko, don ni ban iya shiga labari ta tsakiya ba.

Ni ba mai fita ba ce. Tunda aka kawo ni gidan nan, a ƙauyenmu da ke bayan Dawakin Tofa, in ba suna ko gaisuwar mutuwa ba ƙafata ba ta wuce zaure, kuma ba wanda ya hana ni, haka Allah ya yi ni da son gida. Karatuna bai wuce allo ba, sai ɗan abin da na tsinta a ajin manya. Amma kunne, alhamdu lillahi, an ba ni. Ina gindin murhu nake sanin abin da gari yake ciki. In ana daka a bayan katanga na san wace ce ke riƙe da taɓarya, na san gero ne ko dawa, har na san ko da ɓacin rai ta tashi. Tukunya in tana da tsaga, ko ido bai gani ba, ƙwanƙwasa ɗaya nake mata in miƙa wa mai talla abarta.

Malam, maigidana, manomi ne, kuma a ƙuruciyarsa ba a kiran gayya tsakanin nan da Rimin Gado ba a aiko masa da goro ba. Yaran yanzu ba su riski gayya yadda take ba. Mai gona zai gayyato samarin garuruwa, a ɗora tukwane, a ɗauko makaɗa daga wajen Kunci da gangunan noma, irin manyan nan da in mutum ya rataya sai ya karkace. A jeru a bakin gona kowa da garmarsa, ganga ta tashi, kowa ya kama kunyarsa a ga wa zai riga fita. Ita gangar noma ba a kunne ake jin ta ba, a nan ƙasan haƙarƙari take dukan mutum. Fura in tana cikin ƙwarya har rawa take yi.

Shekarar da na tare aka yi wata gayya a gonar mahaifinsa, wadda ke manne da bayan gidan nan. Ƙanin Malam ya dawo daga Ikko da wata ƙatuwar rikoda, ya ɗora ta kan tulu a bakin gona ya ɗauki komai a kaset. Rikodar ta daɗe da mutuwa, mai ita ma ya riga mu gidan gaskiya. Kaset ɗin kuwa yana ƙasan akwatina, naɗe cikin tsohon ɗankwali, tsawon shekarun nan.

Sai idon Malam ya fara tafiya. Da aka kai shi asibiti a Kano suka ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Mun karɓi wannan, daga Allah ne. Abin da ya tsorata ni shirun da ya biyo baya. Mutumin da muryarsa ke riga shi shigowa gida ya koma turaka ya zauna. Masallaci yana ƙofar gida, a kama hannunsa a kai shi, ana sallamewa ya ce a mayar da shi. Majalisarsu ta gindin darbejiya ya daina zama. 'Ya'yansa maza su zo su ba shi labarin gona, ya ce duk yadda suka yi daidai ne, shi da a da sai ya sa an sake kunya guda saboda ta ɗan karkace. Ranar da ruwan shuka ya sauka, ƙanshin ƙasa ya cika gidan, ana ta hayaniyar neman iri, sai na ji ya ce a rufe masa ƙofa. Da na kai masa tuwo ya ce min shi yanzu kaya ne aka ajiye min. Na yi masa faɗa, bai ma rama ba. A ranar na san in ba wani abu aka yi ba, mijina zai tafi ya bar ni alhali yana zaune a ɗaki yana numfashi.

'Yata ta fari ce na gaya wa maganar kaset. Kun san al'adarmu, ba na kama sunanta, kuma har ta yi aure ta hayayyafa ba ma doguwar magana ido cikin ido. Tana koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yammata a birni. Ta karɓi kaset ɗin ta kai wa wani mai wannan sana'a ya juye shi a kwamfuta. Ta bugo min waya tana tambaya wai mutumin ya ce zai iya wanke shi, ya cire iska da surutan mutane ya bar kiɗan zalla. Na ce a gaya masa kada ya taɓa ko tari ɗaya. Surutan nan ai su ne mutanen.

Da ta zo, ta durƙusa a ƙofar turaka ta kunna masa a wayarta. Ya ɗan saurara, sannan ya ce ta kashe.

"Wannan ba ganga ba ce," in ji shi, "gwangwanin madara ake bugawa."

Ta fito jikinta a sanyaye. Ni kuma ban iya ba ta haƙuri da ƙarya ba, don gaskiya ya faɗa. Kiɗan yana nan, amma an cire masa ciki. Ta zauna a kan turmi tana bayani, ba ni take kallo ba, kaji take kallo. Ta ce bakin waya ƙarami ne kamar na ɗan tsako, ba zai iya fitar da kukan sa ba. Ta ce kuma sautin da ake turawa a waya matse shi ake yi don ya yi sauƙin ɗauka, kamar zogalen da aka shanya, amma na asalin yana nan ɗanye a kwamfutarta, abin da zai fito da shi ne babu. Ta ce a ba ta zuwa hutu.

Hutu na yi sai ga ta da mota da kwalaye. Akwai tsohuwar kwamfutarta mai ninkewa. Akwai wani ɗan akwati da bai fi sabulun wanki ba, ta ce shi ne tafinta, kwamfuta lissafi take yi shi kuma ya mayar da lissafin murya, kuma ya fi na cikin kwamfutar iya aikin nesa ba kusa ba. Akwai amfilifaya, mai ƙara wa sauti ƙarfi, nauyinta kamar dutsen niƙa, sai lasifika biyu na katako, kowacce ta kai tsayin yaro mai koyon tafiya, da wayoyi masu kaurin igiyar guga. Wuta ba matsala, yaran sun riga sun sa mana sola. Da aka gaya wa Malam an kawo kayan kiɗa, ya ce mu yi abinmu, shi dai kada a dame shi.

Abin da ta fara yi ya ba ni dariya. Ta shiga ɗaki ɗaya bayan ɗaya tana tafa hannu kamar mai koran kaji. Amma da na bi ta na saurara sai na gane abin da take nema. Turakar Malam bulo ce da rufin kwano, babu silin, kana tafawa sai bango ya mayar maka da tafin har da gyara. Zaure kuwa baki biyu gare shi, sauti ya shiga ta nan ya fice ta can. Da muka shigo ɗakin nan nawa, na ƙasa, mai rufin azara da daɓe, ga katifa ga labule, ta tafa sau ɗaya, tafin ya fito tsaf ya kwanta. Nan ta sa aka shigo da kwalayen. Yaran sun sha cewa za su rushe min shi su gina na bulo ina hana su. Ranar na ji kamar an yi min naɗi.

Haka muka kama aiki ni da ita, ni ina magana da bango ita tana amsa wa tabarma. In na ce a gaya wa mai kayan nan ta ɗan matsar da na hagun, sai ta ce to, an ji. Ta ce lasifika ba a manna su da bango, ba a kuma ajiye su a ƙasa, sai sun kai daidai kunnen wanda ke zaune. Na ɗauko tsofaffin turame biyu gajeru muka kife su, katakon kirya ne, ko motsi ba sa yi. Ta tsaya tana neman yadda za ta fahimtar da ni tazarar da za a bari tsakaninsu da mai saurare, tana zane a daɓe da yatsa. Na duba zanen na ce ai murhu ne, duwatsu biyu su ne lasifika, na ukun mutum. Ta yi dariya har ta manta da kunya ta kalle ni.

Da aka kunna, tun ba a sa komai ba, na ji ƙudan zuma. Can ƙasa-ƙasa, kamar amya a kan bishiya mai nisa. Na ce akwai wani abu yana kuka. Ta ce ba ta ji ba, sai da ta kara kunnenta a jikin lasifika sannan ta ɗaga kai ta ce ƙwarai kuwa. Ni dai ji na iya, ban san ta ina ake kama shi ba. Ita ta bi wayoyin nan tana zare su ɗaya-ɗaya, ni ina tsakiyar tabarma ido rufe ina cewa yana nan, yana nan. Tana zare cajar kwamfuta na ce ya tafi. Tun daga ranar in za a yi saurare sai an cika kwamfutar da caji tukuna a zare.

Sannan ta sa wani kiɗan kukuma da take da shi, a hankali, don ba ma so Malam ya ji nasa sai komai ya daidaita. Ni da na yi zaton na san kiɗa, tun daga rediyo mai batir har waya, ranar na san ta ramin ƙofa nake leƙensa. Na ji gashin kukumar yana goguwa. Na ji mawaƙin ya ja numfashi kafin ya ɗauko baiti, na ji wani cikin 'yan amshi yana makara kaɗan a bayan 'yan'uwansa. Kuma ba daga cikin akwatunan muryar ke fitowa ba, a tsakaninsu take tsaye, a fili, inda babu komai. Har na miƙa hannu.

Ranar Juma'a, da aka ɗauki Malam a babur zuwa masallacin Juma'a, muka samu damar gwada kaset ɗinsa da ƙarfi. Gangar farko na sauka, sai bangon ɗakina gaba ɗaya ya amsa. Jerena ne. Kabad ɗin nan ya cika bango daga nan zuwa can, a cikinsa da samansa kwalla da fanteka da langa da tasoshi, babba a ƙasa ƙarami a sama har kusan azara, kowanne da murfinsa. Duk dukan da mai ganga zai yi sai murafen nan su ɗauki zuga, gilashin kabad yana taya su. Ina iya nuna wanda ya fara da wanda ya bi. Kukuma ba ta tashe su ba, amma gangar noma ba ta bar ko ɗaya yana barci ba. Gwangwanin da Malam ya ƙi, sai ga shi mun tara masa bango guda.

Muka yi dabara iya dabara. Muka cusa tsummoki tsakanin murafe, muka sa faifai, muka toshe bakin gilashi da takarda. Ya ragu, amma manyan kwallayen na ƙasa suna gunji daga cikinsu, wannan ba tsumman da zai hana. Ta ce akwai wani maɓalli da ke rage nauyin ganga, ta murɗa shi. Kwanuka suka yi shiru, gangar ma ta rame ta koma irin ta waya. Na ce a mayar da shi inda yake. Ta mayar, ta zauna tana naɗe waya da ba ta bukatar naɗi. Ba ta ce in sauke jere ba, kuma na san ko za a shekara ba za ta faɗa ba. Ta san abin da yake.

Maza ba lallai su gane ba. Jere shi ne fuskar mace a ɗakinta. Nawa mahaifiyata ce ta tara shi, da sana'ar ƙuli-ƙuli, kwano ɗaya yau wani sai baɗi, tun ina tallar gyaɗa. Gwaggonnina suka zo suka jera shi ranar da aka kawo ni, suna faɗa a kan wanne zai hau wanne. Ba a cin abinci a ciki. Ana sauke shi gab da Salla a wanke a bakin ƙofa a mayar a ranar. Amma a kwashe shi a ɗaure a zannuwa, a ja kabad a fitar, wannan sau ɗaya ake yi wa mace, ko ranar da aurenta ya mutu ko ranar da ita ta mutu.

Na yi la'asar ina kallonsa, na yi asuba ina kallonsa. Da hantsi ya yi na ce a gaya wa mai kayan nan ta kawo zannuwa.

Muna cikin kwashewa sai ga ƙanwar Malam, wadda gidanta ke jikin namu, katanga ɗaya ce tsakani. Abokiyar wasana ce tun ina amarya, ba ma haɗuwa ba mu taɓa juna ba. Ta ji ƙarar kwanuka ta leƙo ta kan katanga ta ga kabad a tsakar gida, ta zagayo mayafi a baibai. Ba ta yi min wasa ba ranar. Ta kama hannuna tana tambaya wa ya yi min, me aka ce min, in bari a kira manya. Da na gaya mata dalili ta saki hannun ta zauna daɓas a kan buhun masara.

"Yanzu saboda rediyo za ki tsiraita ɗakinki? Tsofai-tsofai da ke ki koma ɗakin gwauro."

Na ce gwauron ma yayanta ne zai shigo, ta tashi ta kama min kwallar nan. Ta kama, bakinta bai huta ba. Wai dama tun ranar da aka kawo ni ta san kwanukan sun fi ƙarfin ɗakin, wai in na gaji da su ita tana da bango.

Ni mai taƙama da kunne, sam ban tuna akwai wani a gidan da yanzu da kunne kaɗai yake rayuwa ba. Mun fitar da ƙullin ƙarshe sai na ji ya kira ni daga turaka, da wata murya da ban san shi da ita ba. Na je na durƙusa a bakin ƙofa. Yana zaune a kan buzu, ya sa hularsa, sandarsa a kan cinya.

"Na ji ana fitar da kwanuka," ya ce. "Na saurara ko wanki ne, ban ji ruwa ba. Sannan na ji an ja kabad."

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu.

"Ban ga laifinki ba, kin yi haƙuri. Abu ɗaya nake roƙo. Ki bari a aika wa ƙaninki ya zo da mota. Kada ki fita da kaya a ka mutane suna kallo."

Ban san lokacin da dariya da kuka suka kuɓuce min tare ba. Wato tun hantsi yana zaune yana sauraron aurensa ana ɗaure shi a zani, kuma abin da ya dame shi kada a gan ni da kaya a ka. Na ce, "Malam, da tafiya zan yi ai da na tafi tun ina da haƙoran cin nama. Tashi mu je ɗakina."

Ya ce da rana tsaka, ga mutane a gida. Ƙanwarsa da ke laɓe a bayan ƙofa ta ce, "Yaya, mace in ta kwashe kaya biko ake zuwa. Tashi ka je tun ba ta ƙara sadaki ba."

Na kama hannunsa, abin da ban taɓa yi a gaban mutane ba, na ratsa da shi tsakanin ƙullin kwanuka. Yana shiga ɗakin ya tsaya, ya ce ɗakin ya yi faɗi. Na zaunar da shi nan, a wurin dutse na uku. 'Yar tamu ta gaishe shi, ta danna kwamfutar.

Iska ce ta fara fitowa. Sai zakara daga nesa, sai muryar ƙaninsa dab da mu, yana cewa yara su matsa kada su ture tulu. Malam ya ɗaga kai. Sannan ganga ta sauka. Ta taso daga daɓe ta bi ta tabarma ta shiga ƙirji, ta tsaya cak ba wani kwano da ya yi mata rakiya. Ta biyu ta amsa daga dama. Na ga yatsun ƙafarsa sun kama tabarma. Hannunsa ya sauya riƙon sanda, dama a gaba hagu a baya, riƙon garma. Kafaɗunsa suka fara sauka suna tashi.

Sai ya fara nuni da sandar. Ga wane can a gefe, shi ne mai tarin nan. Ga wane a kusa da shi, kullum sai ya fara da gudu ya ƙare da zama. Mai gangar dama, Allah ya jiƙansa, da hannun hagu yake kiɗa, ku ji yadda take faɗuwa. Ya kira su ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu suna ƙasa, yana nuna inda kowa ya tsaya kamar yana ganinsu. Ƙanwarsa da ta shigo da niyyar tsokana tana rakuɓe a bakin ƙofa tana share ido da mayafi. Sai maroƙi ya ɗauko kirarin Malam, ganga ta bi.

Can sai wata guɗa ta taso daga hagu, siririya, daga nesa, ta bayan danga. Ni kaina na manta da ita. Malam ya juya fuskarsa wajen, sannan ya juyo inda nake.

"Ke ce."

Na ce ni ce.

"Ai ba a kai ƙarshen kunya ba kika sake ta. Kina bayan danga ba kya gani. Da an kamo ni fa?"

Na ce, "Ina jin saran garmarka, ya yi wa na kowa nisa. Na san ba mai kamo ka."

Ya yi dariya. Ba babba ba, amma rabon da in ji ta tun kafin asibiti. Ya ce a mayar baya ya sake jin wurin, yana tambaya ko sai an nemo biro an juya kaset. 'Yarsa ta ce taɓawa ɗaya ce, Baba. Aka sake, aka kuma sakewa, har aka kira azahar.

Kashegari da sassafe na ji yana kiran babban ɗansa. Ya ce a kai shi gonar bayan gida. Na bi su da kunne ta bayan katanga. Ya tsuguna ya shafa kunyoyin da garmar shanu ta yi, ya auna tsakaninsu da kamu, ya damƙi ƙasa ya murza. Sai faɗa ya tashi. Wai kunya ta yi kusa da juna, wai an bar ciyawa a gindin gero, wai wa ya ce a sa wake yanzu. Ɗan yana ba da haƙuri, ni kuma ina gindin murhu ina fifita wuta, wallahi faɗan nan ya fi min kiɗan daɗi.

Ba zan ce muku komai ya koma yadda yake ba. Ido bai dawo ba, kuma har yanzu akwai ranar da yakan ce a rufe masa ƙofa. Amma ya koma gindin darbejiya, kuma tsofaffin da suka rage cikin 'yan gayyar nan sun yi sallama sun shigo har ɗakin nan, kowa ya zauna a tsakiyar tabarma ya nemo kansa a cikin hayaniyar. Kafin yarinyar ta koma birni ta koya min komai. Ta sa min manyan hotuna a fuskar kwamfutar, wannan karatun Alƙur'ani ne da muke sa wa da safe, wannan kiɗa, wannan gayya. Na san amfilifaya ita ce ƙarshen kunnawa kuma farkon kashewa, in ba haka ba lasifika su yi tari. Na san ba a lulluɓe ta tana aiki, tana son iska. Ranar da jikana ya sauya wa wata wayar lasifika wuri, ja a gurbin baƙi, ina sa kiɗa na ji muryar ta watse ta bar tsakiya, na bi da kaina na gyara, ban kira kowa ba.

Jeren yana ɗan ɗakin da ke kusa da rumbu. Na sake jera shi da hannuna yadda gwaggonnina suka yi, nakan shiga in goge shi, gab da Salla in wanke. Ba mai ganinsa sai ni da kaji. Mata sun yi maganarsu, wasu sun ce sayarwa na yi, wasu sun ce 'yar birni ce ta raina kayan ƙauye, na bar su. Ƙanwar Malam har gobe ɗakin gwauro take kiran nan, amma da ta ji ya fita majalisa sai ga ta, ta haye tsakiyar tabarma ta ce in sa mata na kukumar nan.

Wani lokaci in na shigo da rana, haske ya faɗa kan shatin kabad ɗin, nakan ji wani abu ya ɗan soke ni, don mahaifiyata ta sha wuya a kan kwanukan nan. Sai in tuna muryar ƙaninsa tana korar yara daga tulu, da yatsun ƙafar Malam a kan tabarma. To ke da kike ta satar kallon bangon nan tun ɗazu, gaya min tsakaninki da Allah, da ɗakinki ne, da kin sauke?